NA BAYA SAI LABARI?

Gabatarwa

Ranar da na shaida wa wani abokin karatuna cewa a kan ƙwallon ƙafa zan yi wa mujallar sashenmu rubutu, sai da ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Haba malam, ga waƙa, ga nahawu, ga al'ada, duk ka rasa abin da za ka tattauna sai tamaula?" Ban ja da shi ba, don na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Abin da bai sani ba shi ne, kafin in zo jami'a na yi shekara 6 ina buga lamba biyar, watau ɗan baya na tsakiya, a wata ƙaramar ƙungiya ta unguwarmu a birnin Kano. Wannan ne ya sa na girmi yawancin 'yan ajinmu, kuma shi ne ya sa in za mu hau bene zuwa ɗakin lacca nakan bari kowa ya wuce, sa'an nan in biyo a hankali ina dafa bango.

Manufata a wannan ɗan rubutu ita ce in ba da tarihin wani Bature mutumin Ingila, mai suna Eddie Howe, wanda ya ƙare rayuwarsa ta wasa yana tsaron baya a ƙananan rukunonin ƙasarsu, ciwon gwiwa ya raba shi da fili tun da sauran ƙuruciyarsa, daga bisani ya koma koyarwa. Zan auna labarinsa da abin da ya same ni da kuma abin da na gani ga mutumin da ya koya mini wasa. Tambayar da ke raina kuwa ɗaya ce: shin abin da ɗan baya ya sani, ilimi ne da ya cancanci a adana, ko kuwa ranar da ƙafa ta tsaya shi ke nan ya tafi?

Kalmar "Baya"

Tun da ɗalibin harshe ne ni, bari in fara da kalmar kanta. Idan mai karatu ya lura, Bahaushe bai cika yi wa baya adalci ba. In abu ya lalace sai a ce an sami ci baya ko koma baya, in zumunci ya yanke sai a ce wane ya juya wa wane baya, kuma ga karin maganar nan da ke cewa na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. To, haka abin yake a filin yara. In an zo rabon wuri, gwani shi ke zaɓen gaba, mai bi masa ya tsaya tsakiya, wanda ba a yarda da ƙafarsa ba a ce, "Kai koma baya," ƙarami ko mai jiki kuwa a tura shi raga. Ta haka na zama ɗan baya ina da shekara 10, kuma ranar da kuka na koma gida. A lokacin kowane yaro a Kano Ahmed Musa yake so ya zama, musamman da ya tashi daga Kano Pillars ya tafi Turai, ya kuma zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014.

Amma fa harshen nan da ya ce ci baya, shi ne kuma ya ce goyon baya, kuma a baya uwa take ɗaukar ɗanta. Aikin mai tsaron baya irin wannan ne, ɗaukar nauyi ba tare da an gan ka ba. Ɗan gaba zai zubar da dama tara ya ci ta goma, a ɗauke shi a kafaɗa. Ɗan baya zai tare hari tara, na goma ya kuɓuce masa, a raka shi da zagi har ƙofar gida. Dalili kuwa shi ne, sakamakon aikinsa abin da bai faru ba ne, shi kuwa abin da bai faru ba ba a ƙirga shi. Ko a dambe ma, hannun da aka naɗe wa kara shi makaɗa ke wasawa, ɗaya hannun da ke tare naushi tun farkon turmi har ƙarshe babu mai tunawa da shi.

Sai dai akwai abu guda da ɗan baya ya fi kowa, ban da mai tsaron gida: filin gaba ɗaya yana gabansa. Ɗan gaba yakan daɗe yana bai wa raga baya, mutum biyu ko uku kawai yake gani. Lamba biyar kuwa yana kallon kusan mutum 20, yana ganin wanda ya bar wurinsa, da wanda ya gaji, da ramin da ya buɗe tun kafin a jefa ƙwallo cikinsa. Kuma tilas ya gani, domin kuskuren kowa a kansa yake ƙarewa. Mai horar da mu, wanda duk unguwa ke kira Koci, yakan ce mini, "Biyar, ɗan baya da bakinsa yake rabin wasansa. In ka yi shiru minti ɗaya, ka ci amanar na gabanka." Yakan kuma ce, "Kada ka biye wa ƙafar ɗan gaba, ƙafa maƙaryaciya ce. Dubi ƙugunsa, inda ƙugu ya nufa nan mutum zai bi."

Zamanin Wasan Eddie Howe

Kafin a fahimci labarin wannan mutum sai an san tsarin ƙwallon Ingila. Ƙungiyoyi 92 ne a rukunoni huɗu na sama: 20 a Firimiya, wadda muke cika gidajen kallo dominta, sai rukuni na biyu da na uku da na huɗu, kowanne da ƙungiyoyi 24. Duk ƙarshen kaka na saman kowane rukuni su hau, na ƙasa su faɗa. Wanda ya faɗo daga na huɗu ya fita daga cikin 92 ɗin nan, kuma ga ƙungiya mai bashi wannan faɗuwa takan zama ajali.

An haifi Howe ranar 29 ga Nuwamba 1977, ya tashi a yankin Dorset, a kudancin Ingila, a hannun mahaifiyarsa. Ƙungiyar da ke kusa da su ita ce Bournemouth, ta wani gari na bakin teku, wadda filinta ba ya cin mutum 12,000. A nan ya fara tun yana yaro, ya buga wasansa na farko da manya a watan Disamba 1995. Ba shi da tsawon da aka saba gani ga masu tsaron baya na tsakiya, saboda haka da karanta wasa da iya tsayuwa ya riƙe wurinsa, har aka gayyace shi cikin 'yan wasan Ingila 'yan ƙasa da shekara 21 a 1998, alhali ƙungiyarsa tana rukuni na uku.

A watan Maris 2002 dama ta zo. Harry Redknapp ya karɓi ragamar Portsmouth, wadda ke rukuni na biyu, kuma mutum na farko da ya saya shi ne Howe, a kan fam 400,000. A wasansa na farko gwiwa ta sami matsala. Ya yi jinya, ya dawo ranar buɗe sabuwar kaka a watan Agusta, bai cika minti 10 a fili ba gwiwar ta sake tafiya. Wasa biyu ke nan, kuma su ne iyakar abin da ya buga wa Portsmouth. A wannan kakar ne ƙungiyar ta zo ta ɗaya ta hau Firimiya, shi kuwa yana ɗakin jinya yana jin shewar abokansa. Duk wanda ya taɓa zama a gefen fili da sanda ya san irin wannan ɗaci, don kana murna da gaske, kuma kana jin kunyar abin da ke ƙarƙashin murnar.

A 2004 aka mai da shi Bournemouth a matsayin aro. Ƙungiyar ba ta da kuɗin da za ta riƙe shi, sai magoya bayanta suka yi karo-karo, cikin 'yan kwanaki suka tara fam 21,000 don ya zauna. Ya ƙara shekara uku yana wasa da gwiwar da ba ta koma daidai ba. A 2007, yana da shekara 29, ya ajiye takalmi. Ya buga wa Bournemouth wasa fiye da 250, dukkansu tana rukuni na uku, bai taɓa taka filin Firimiya a matsayin ɗan wasa ba. Da a nan labarin ya tsaya, da babu wanda zai ji sunansa a Kano, kuma a nan labarin yawancin irinsa yake tsayawa.

Tawa Gwiwar

A nan zan ɗan dakata da Bature in faɗi nawa. A daminar 2019, ina da shekara 19, muna wasan gasar unguwanni a filin wata makarantar firamare, ƙasar ta jiƙe daga sama amma tana da tauri daga ƙasa. Ɗan gabansu ya yi kamar zai bi dama ya koma hagu, na juya in bi shi, takalmina ya kafe, jikina ya juya ƙafar ba ta juya ba. Na ji ƙara a cikin gwiwa kamar an karya kara. Babu wanda ya taɓa ni, alƙalin wasa ma bai busa ba. Aka ɗauke ni a babur zuwa wurin mai ɗori, ya ce targaɗe ne, ya ja, ya ɗaure. Na yi wata uku ina jiran sauƙi, amma duk lokacin da na yi yunƙurin gudu sai gwiwar ta zame kamar ba tawa ba.

Da aka je asibiti aka ce jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ce ta tsinke, kuma ba ta haɗewa da kanta, sai an yi aiki. Abokan wasana su ma sun yi karo-karo, har da wanda ya sayar da wayarsa, amma abin da aka tara kuɗin hoto kawai ya biya. Kuɗin aikin ya fi abin da mahaifina ke samu a shekara. Wata rana da daddare ya kira ni zaure, ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya turo mini tsofaffin littattafaina na sakandare ya ce, "Ga wannan, shi ba ya buƙatar gwiwa." Na sake zama jarrabawa har sau biyu kafin in sami shiga jami'a.

Daga wannan lokaci na ɗauki gaba da fili. In zan je kasuwa sai in yi zagaye don kada in bi ta gefen makarantar. Sau uku Koci yana aiko mini da yaro cewa in zo in taya shi kula da ƙananan 'yan baya, sau uku ina cewa karatu ya yi mini yawa. Ƙarya nake yi. Gaskiyar ita ce ina ganin koyarwa aikin wanda ya kasa ne, kuma shi kansa Koci shi ne hujjata. Ya yi tsaron baya a ƙungiyar wani kamfani a ƙaramin rukuni, kamfanin ya rufe, ƙungiyar ta watse, ya koma ɗinki a bakin kasuwa. Fiye da shekara 20 yana tara yara da yamma, babu albashi, da kuɗin ɗinkinsa yake sayen ƙwallo. Na ce a raina, in dai wannan ne ƙarshen ɗan baya, gara in manta na taɓa yi.

Zamanin Koyarwa

Shi Howe tun a watan Disamba 2006, yana cikin wasa, aka ba shi kula da 'yan wasan ajiya na Bournemouth. A watan Satumba 2008 aka sallami maigidansa Kevin Bond, guguwar ta haɗa da shi, daga baya aka mai da shi sashen yara. Ƙungiyar kuwa tana cikin halin ni 'yasu. Bashi ya ci ta, ta faɗa rukuni na huɗu, kuma hukuma ta zaftare mata maki 17 tun kafin a buga wasan farko. Tun da nasara maki 3 ce, canjaras kuma maki 1, sai ta ci wasa 5 ta yi canjaras 2 kafin ta iso inda sauran suka fara, watau sifili. Ranar ƙarshe ta shekarar 2008, ƙungiyar tana ta 91 cikin 92, aka ce Howe ya riƙe. Ya sha kashi a wasanni biyu na farko, duk da haka aka tabbatar masa da aikin a watan Janairu 2009. Yana da shekara 31, ya fi kowane koci ƙuruciya a rukunonin huɗu.

Abin da ya fara yi yana nuna irin idon da nake magana a kai. Ya jawo Jason Tindall kusa da shi a matsayin mataimaki, mutumin da suka yi tsaron baya tare. Ya kuma dawo da wani tsohon ɗan gaba mai shekara 36, Steve Fletcher, wanda ƙungiyar ta riga ta sallama, domin ya san irin wahalar da mai ƙarfi irinsa ke bai wa 'yan bayan wannan rukuni, da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani. Ranar 25 ga Afrilu 2009, saura kimanin minti 10 a tashi, Fletcher ya ci Grimsby ƙwallon da ya sa aka tashi 2 da 1, Bournemouth ta tsira. Ta ƙare ta 21 cikin 24. A kakar da ta biyo, ga takunkumin hana sayen 'yan wasa a kanta, ta zo ta biyu ta hau rukuni na uku.

A watan Janairu 2011 Howe ya koma Burnley. Mahaifiyarsa ta rasu a 2012, kuma a watan Oktoba na shekarar ya ajiye aikin ya dawo gida kusa da iyalinsa, ya sake karɓar Bournemouth. Ta hau rukuni na biyu a 2013, a 2015 ta zo ta ɗaya da maki 90, ta shiga Firimiya karo na farko a tarihinta. Shekara 6 ke nan tsakanin bakin rami da ƙololuwa. Ta yi kaka biyar a can, har ta zo ta 9 a 2017, kafin ta faɗo a 2020, su rabu da shi. Ya yi fiye da shekara ba aiki.

A watan Nuwamba 2021 Newcastle ta ɗauke shi, ta buga wasa 11 ba ta ci ko ɗaya ba. Sai a wasa na 15 ta ɗanɗani nasara, amma ta ƙare kakar tana ta 11. Wani abu da ya yi a lokacin ya tsaya mini a rai. Akwai wani ɗan Barazil, Joelinton, da aka saya kan fam miliyan 40 a 2019 don ya ci ƙwallaye, ya kasa, ya zama abin dariya. Howe ya janye shi daga gaba ya mai da shi tsakiya, inda ake ƙwace ƙwallo da ƙarfin ƙirji, sai ga shi ya zama ginshiƙi. Ga mutumin da koma baya ya zame masa ci gaba. A kakar 2022 zuwa 2023 Newcastle ta zo ta 4, ƙwallo 33 kacal aka zura mata a wasa 38, daidai da Manchester City wadda ta ɗauki kofin.

Yammacin 16 Ga Maris 2025

Duk wannan tarihi daga baya na bi shi. Abin da ya sa na bi shi kuwa ya faru ne ranar Lahadi, 16 ga Maris 2025, a tsakiyar azumi. Na zo gida hutun ƙarshen mako, ƙanena ya matsa mini in raka shi gidan kallo, Liverpool da Newcastle za su buga wasan ƙarshe na kofin Carabao a Wembley, ƙarfe 5:30 agogonmu. Wuri ya cika da magoya bayan Liverpool da kuma 'yan adawa masu fatan ta faɗi. Ina neman wurin zama sai na ji an ce, "Biyar, zo nan." Koci ne, ya ƙara tsufa, ya matso gaba sosai saboda idonsa ya yi rauni. Ba yadda na iya, na durƙusa na gaishe shi, na zauna.

Dab da hutun rabin lokaci Newcastle ta sami kwana. Kieran Trippier ya bugo, wani dogon ɗan baya mai suna Dan Burn ya sa kai daga nesa, ƙwallo ya kwanta a kusurwar raga. Shi ma wannan Burn ɗan ƙananan rukunoni ne: Newcastle ta sallame shi yana da shekara 11, ya yi aikin tura kekunan kaya a kanti, ya bi ta Darlington da Yeovil da Wigan, Howe ya dawo da shi garinsu a 2022. Ana ta ihu, wasu na zagin mai tsaron gida, sai Koci ya sunkuyo ya ce, "Idona bai gani sosai ba. Laifin wa?" Ban yi tunani ba na ce, "Koci, ai tun kafin a bugo aka ci su. Dogayen Liverpool, Van Dijk da Konate, sun tsaya bakin raga suna gadin wuri. Shi kuwa sai ya ƙi shiga wurinsu, ya ja can baya, aka bar masa Mac Allister, gajeren mutum a kan mai tsawon mita biyu. Wannan shiri ne, ba sa'a ba ce." Daga baya Howe da kansa ya shaida wa 'yan jarida cewa mako biyu suka yi suna maimaita irin waɗannan bugu saboda wannan wasa.

Koci ya yi murmushi ya ce, "To ka gani. Gwiwar ce ta tafi, idon yana nan. Ni kuwa nawa idon ne ke tafiya." Ban sami amsa ba. Ana komawa fili aka kira magariba, muka fita shan ruwa, ya raba dabinonsa biyu ya ba ni rabi. Muna tsaye a waje muka ji ɗakin ya sake ɗaukar ihu, Alexander Isak ya ƙara ta biyu. An tashi 2 da 1. Rabon Newcastle da babban kofi na cikin gida tun 1955, shekara 70 ke nan. Kuma rabon da wani koci ɗan Ingila ya ɗauki babban kofi a ƙasar tun 2008, lokacin da Harry Redknapp ya ɗauka da Portsmouth, watau mutumin da ya sayi Howe a 2002 bai more shi ba.

Awo

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa ido kaɗai ya yi wannan aiki, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hawan Bournemouth daga rukuni na uku zuwa Firimiya ya zo ne bayan wani attajiri ɗan Rasha, Maxim Demin, ya sa kuɗinsa a ƙungiyar tun 2011. Newcastle kuwa asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ne ya saye mafi yawanta a watan Oktoba 2021, wata guda kafin zuwan Howe, kuma da wannan kuɗi aka sayo su Trippier da Burn da Bruno Guimarães. Har ila yau, lokacin da gwiwarsa ta lalace ya sami likitoci, albashinsa bai tsaya ba, ga kwasa-kwasan koyon horarwa a buɗe gare shi. Ni mai ɗori na samu, Koci kuwa keken ɗinki. Wanda duk ya ce wa yaron unguwarmu ya yi haƙuri zai zama Howe, ya yaudare shi.

Saboda haka hujjata ba ta Wembley ba ce, ta 2009 ce, lokacin da babu attajiri, babu izinin saye, sai bashi da maki 17 da aka zaftare. Abin da saurayin nan ya shiga ɗakin 'yan wasa da shi a ranar shi ne abin da ya tara cikin shekara 12 yana kallon fili daga baya, a rukunin da babu gwanin da zai rufe maka kuskure, inda tilas ka san dalilin kowane abu domin baiwa ba za ta fisshe ka ba. Gwani na gaske sau da yawa ba ya iya bayyana yadda yake yi, don jikinsa ne ya sani. Wanda ya koya da wahala, mataki mataki, shi ke iya mai da abin cikin magana, kuma abin da ya shiga magana shi ake iya koyarwa. Wannan ilimi iri ɗaya ne a Dorset da Kano. Bambancin shi ne can an tanadi hanyar da zai bi ya wuce ga na baya, nan kuwa yana cikin kan tela guda mai ciwon ido, in ya tafi ya tafi da shi.

Kammalawa

Asabar ɗin da ta biyo bayan salla na bi ta hanyar da na yi shekara biyar da 'yan watanni ina kauce wa. Yanzu duk ƙarshen makon da na sami zuwa gida nakan karɓi 'yan baya huɗu da mai tsaron gida, yara 'yan ƙasa da shekara 15, Koci yana zaune a kan benci yana gyara mini. Ba ni iya nuna musu gudu, sai dai in ja layi a ƙasa da sanda in yi bayani. Na kuma sayi littafi mai warƙa 60 ina rubuta maganganunsa kamar yadda suke fitowa daga bakinsa, yadda malamanmu suka koya mana ɗaukar zance daga bakin masu shi. Na cika ɗaya na shiga na biyu. Da ya ga ina rubutu ya ce, "Yanzu shirmen nawa ne za ka kai jami'a?" Na ce masa ai ga shi ma zan fara.

Kwanan baya aka kawo wani yaro ɗan shekara 11, aka ce ya koma baya, ya tsaya yana share hawaye da gefen riga. Na kira shi na tsai da shi a wurin lamba biyar, na ce ya ƙirga mini mutanen da yake gani. Ya ƙirga har 19. Na kai shi wurin lamba tara, na juya shi yadda ɗan gaba ke tsayawa in yana jiran ƙwallo a bakin raga, ga mai gadi manne da shi, na ce ya sake ƙirga waɗanda zai iya lura da su ba tare da ƙwallon ya wuce shi ba. Ya ce uku. Bai daina fushi ba a ranar, kuma ban yi masa alkawarin kome ba, don ban san inda ƙafarsa za ta kai shi ba. Amma mako biyu bayan haka na ji muryarsa daga baya yana daka wa lamba shida tsawa cewa ya bar wurinsa, kuma gaskiyarsa ce, ya bar wurin. Koci ya juyo ya tambaye ni ko muryar wa ke nan, na faɗa masa, ya ce in rubuta sunan yaron a littafin.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Abokina da ya yi dariya kuwa, na yi masa alkawarin kwafi ɗaya na mujallar in ta fito.